Rabin Maganar da Na Faɗa wa Kawu

Da ana iya mayar da magana ciki bayan ta fita, akwai guda ɗaya da zan bi sawunta har inda ta tsaya in haɗiye ta. Ban yi ƙarya a cikinta ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina shekara da shekaru. Gaskiya na faɗa, amma rabinta, ina kuwa sane da cewa rabin da na riƙe a cikina shi ne wanda zai ceci mutum. Mutumin nan taubashina ne, ɗan kawuna, wanda muka ɗauki allo tare a zauren mahaifinsa. Karatuna na boko bai yi nisa ba, saboda haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi mini uzuri. Ina so dai in sauke nauyin nan kafin a sauke ni.

Mun yi samartaka ne a lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa kamar ambaliya. Motocin siminti suna wucewa ta Tambuwal dare da rana, mutumin da jiya yake kan jaki yau sai ka gan shi da babur sabo fil, ledarsa ma bai cire ba. Ni na yi lebura a wajen masu aikin titi, na tara abin da na tara, na kafa tebur ina sayar da batir da tocila da lagwanin fitila. Abu na farko da na saya wa kaina shi ne akwatin rediyo, babba, mai rigar fata, wanda ke kamo tashoshin nesa. Tun da batir nawa ne, akwatin ba ya hutawa. Nakan ɗaure waya a eriyarsa in jefa ta kan reshen dogonyaro. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena, shuuu kamar ana sheƙe gero, sannan murya ta taso daga ƙarƙashi, Hausa tsantsa, amma daga wata ƙasa da ban san gabas ɗinta ba. Mata suna daka a cikin gidaje, jakai suna kuka a bakin kasuwa, ni kuwa ina zaune ina murɗa duniya da yatsa biyu.

A wancan zamani duniya gida biyu ce, Amurka da Rasha. Kowacce tana da gidan rediyon da ke magana da harshenmu, kowacce tana rantsuwa ita ce mai son talaka. Su biyun ba su taɓa gwabzawa gaba da gaba ba, sai dai su sami wasu ƙananan ƙasashe su miƙa musu bindigogi. Yau ka ji Angola, gobe Chadi, jibi wata ƙasar da sunanta ke karya harshe. Can kuma ka ji manyan sun zauna, sun gaisa, sun ci abinci, sun ƙirga bama-baman juna, sun tashi ba a kashe wuta ko ɗaya ba. Duk wannan ni nake kwaso shi in raba a kasuwanni. Ranar kasuwar Jabo ina can, ta Sanyinna ina can, in ɗaure kaya a babur har Kebbe. Mutum ya zo sayen batir guda biyu sai ya share hantsi a tsugune. Na tuna wani tsoho manomi da ya tambaye ni, “Wai su biyun ga, gona sunka haɗa iyaka?” Aka yi ta dariya. Da Habasha da Somaliya suka yi musanyar iyayen gida, wanda ke bayan wannan ya koma bayan wancan, sai da na yini ina warware wa mutane zaren, ni kaina ban gane shi ba. Amma daɗi muke ji. Faɗan da babu ruwanka, in ji masu magana, daɗin kallo gare shi. Ba mu taɓa ganin gawa ko ɗaya daga cikin waɗanda nake ambata ba.

Kawu, yayan mahaifiyata, malami ne, kuma shi ke tafsiri a masallacin unguwarmu duk azumi. Bai hana ni akwatin ba, bai kuma taɓa zama ya saurara ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, “Baƙon ga naka bai sallama, kuma bai gajiya da magana. Ka dai riƙa lura da shi.” Ɗansa, taubashin nawa, shi ne mai ƙwaƙwalwar gidan. Ya haddace Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba, kuma tun a lokacin shi ke ja wa mahaifinsa baƙi, wato shi ya karanto aya da murya, Kawu ya fassara. Wanda bai ji muryar nan ba, ban san yadda zan kwatanta masa ita ba. Ba ta da ƙarfi sosai, amma in ya ja aya, mata a bayan katanga sukan ajiye taɓarya. Ya haɗa da boko a Sakkwato, daga nan gwamnatin jiha ta zaɓe shi cikin waɗanda za a tura waje koyon aikin ruwa, haƙar rijiyar burtsatse da abin da ya shafe ta. Rabonsa ya faɗa Rasha. Kawu ya yi istihara ya sa masa albarka. Duk shekarun da ba ya nan, wani ɗalibi ne ke riƙe da jan baƙin, kowa kuwa ya san aro ne, mai wuri zai dawo.

Yaran yanzu ba su san mene ne taubashi ba. Sukan ce ɗan'uwa ne kawai, su wuce. Mu a wurinmu, ɗan mace da ɗan namiji an halatta musu mutuncin juna. Zai cire maka hula a tsakiyar kasuwa, ya ce kai bawansa ne tun kaka da kakanni, ka ce masa ubansa ma albarkacin uwarka yake ci, dattawa suna ji suna murmushi. Wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. A ƙarƙashin zagin nan kuwa akwai amana irin wadda ba ka samu ko a wurin wanda kuka fito ciki ɗaya. Abin da ba za ka iya gaya wa yayanka ba, taubashi kake kai wa. Haka muke da shi. Ranar da ya sauka daga mota, ya yi fari ya rame, da wata hula mai gashi a hannu, ban bari ya gaida kowa ba na ɗaga murya na ce, “Ga arnen Masko ya dawo!” Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Bawana, har yanzu ba a sai da kai ba? Ɗauko mini jaka.” Muka rungume juna, kowa yana dariya.

Sai dai ya dawo a mugun lokaci. Sojojin Rasha sun shiga Afganistan, ƙasar Musulmi, kuma kullum akwatina yana kawo labarin ƙauyukan da aka yi wa ruwan wuta. A masallatai ana alƙunutu. Wannan yaƙin bai yi kama da sauran ba, ya taɓa mutane a inda yake da zafi. Ni kuwa kasuwata ta buɗe. Na riƙa ƙara gishiri: a Rasha an mai da masallatai rumbunan hatsi, a Rasha babu aure, gwamnati ke kwashe jarirai ta raine su kamar 'yan tsaki. Wata ranar kasuwar Jabo ina cikin wannan, jama'a sun kewaye ni, ashe yana tsaye a baya. Sai na ji ya ce, “Jama'a, bawan ga nawa ƙarya yaka saidawa, batir ɗin gyara na.” Wuri ya kece da dariya. Ya tsuguna ya ce yaƙin zalunci ne, shi ma ya ƙi shi, kuma ya ga uwaye a can suna kukan 'ya'yansu da aka kwasa aka kai. Ya ce amma akwai aure, akwai Musulmi masu yawan gaske a kudancin ƙasar, kuma gidajen rediyon nan biyu kowanne yana ɓoye wutsiyarsa ne yana nuna ta ɗan'uwansa. Daga ranar, in na faɗi labari sai wani ya ce, “Bari mu ji daga wanda ya je.” Na yi dariya tare da su, don doka ce. Amma abin ya zauna mini a ƙirji kamar tuwon da bai nuna ba.

Ban daina kiransa arnen Masko ba, na ma ƙara. A da a gabansa nake faɗa, yanzu har a bayansa, a Sanyinna, a Kebbe, a gaban mutanen da ba su san taubashina ne ba. Wasan taubasai kuwa sai da mai ramawa a wurin. In babu shi, sunansa ya canza. Ina ganin yadda fuskokin masu saurare ba sa dariya, na kuma ci gaba.

Ana nan, wata rana ya ce in kai shi Fakku a babur, zai duba inda za a haƙa rijiya. A hanyar dawowa rana ta take, muka raɓe a gindin wata tsamiya muka sha fura. Nan ya ce, “Bawa, in gaya maka abin da ban gaya ma Baba ba? Garin da anka kai ni babu masallaci ko ɗaya. Shekarun nan duka ban yi Juma'a ba. Da sanyi ya yi sanyi, akwai asubahin da ta wuce ni, ban ɓoye maka.” Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne kada haddarsa ta zube, ga shi babu wanda zai saurare shi ya gyara masa. Sai ya ɗaukar wa kansa tafiya da ƙafa daga masauki zuwa makaranta, ya ƙi shiga mota, yana taka ƙanƙara yana tilawa a cikin mayafin wuyansa, har leɓɓansa su tsage su yi jini. Ya ce bai bar kwana ɗaya ba. Da azumi kuwa, a ƙasar da rana ke ƙin faɗuwa, ya yi shi cif, abokan karatunsa suna cewa zai kashe kansa. Ya share ido da bakin riga ya ce, “Abin da ya riƙe ni, in na rufe ido sai in gan ni zaune dama ga Baba.” Na ce masa, “To arne, ashe kana kuka.” Ya jefe ni da ludayi.

Da watan Sha'aban ya raba, Kawu ya aiko a kira ni da hantsi. Na tarar da shi a zaure da dattawa biyu na masallaci, ladan da wani attajirin hatsi wanda shi ke sayen tabarmi da man fitila. Na cire takalmi na durƙusa. Kawu bai yi kwana-kwana ba. Ya ce magana tana yawo har ƙauyuka cewa ɗansa ya bar addini a waje, kuma waɗannan bayin Allah sun ce jama'a ba za su natsu ba in shi ya ja baƙi bana. Ya ce an bi maganar an bi, an tarar daga bakina ta fito. Sannan ya dube ni, idonsa duk ya faɗa, ya ce, “Ɗan ƙanwata, kai ka san shi ciki da bai. In wasanku na na tobasai, faɗa ma mutanen ga su ji, mu tashi. In kuwa akwai wani abu, kada ka rufe ni.”

Ya buɗe mini ƙofa har bango. Kalma ɗaya ake nema, in ce wasa ne. Har yanzu ina iya ganin ƙudan da ke yawo a bakin tawadar Kawu a lokacin nan. Abin da ya zo mini a rai shi ne dariyar kasuwar Jabo, da kuma yadda manyan mutane uku suke jiran abin da zai fito daga bakin mai sayar da batir. Sai na sunkuyar da kai na ce, “Kawu, zuciya Allah ka sani. Ni dai da bakinai ya ce mini, duk zamansa can bai yi Juma'a ba ko sau ɗaya.” Ladan ya ce, “Inna lillahi.” Attajirin ya tafa hannu ya dubi Kawu. Na jira a tambaye ni dalili, na ce a raina in an tambaya zan faɗi sauran. Ba wanda ya tambaya, ni kuma ban ƙara ba. Kawu ya dubi buzunsa ya ce, “To. Tashi ka tai.”

An ce ya kira ɗan nasa ya tambaye shi abu ɗaya, ko gaskiya ne bai yi Juma'a ba. Ɗan ya ce gaskiya ne. Sannan ya tambayi wanda ya faɗa, aka gaya masa, daga nan bai kare kansa ba. Na sha tunanin dalili. Ina jin da wani ne ya kai maganar, da ya yi bayani har a gamsu.

Azumi ya kama, ɗalibin nan ya zauna a daman Kawu. Na ɗauka taubashina zai ƙaurace wa masallacin. Bai yi haka ba. Kullum bayan la'asar yana sahun baya, jikin ginshiƙi, kansa a ƙasa, mutane suna barin ɗan fili tsakaninsu da shi. Ni ina gefe ina satar kallonsa. In mai jan baƙin ya yi tuntuɓe, sai in ga leɓɓansa sun motsa, amma sauti bai fita. Kawu kuwa a shekarar nan tafsirinsa ya zama gajere, ba ya ko ɗaga ido. Kowace rana nakan ce gobe zan je in faɗi sauran maganar. Da farko kunya ta hana ni, daga baya kuma sai na ga ai an riga an yi nisa. Har aka ga wata.

Bayan salla ya nemi a mayar da shi aiki Sakkwato. Ana gobe zai tafi ya zo teburina. Na gan shi tafe, na gyara zama, na shirya jin zagin da ya fi kowane zagi, har ina marmarinsa. Sai ya yi sallama, ya ɗan rusuna, ya ce, “Malam, ina wuni? Ya kasuwa? A ba ni batir.” Na ce, “Kai arne, yau kuma ni ne Malam?” Ya ce, “Allah shi ba da sa'a, Malam.” Ya karɓi kayansa da hannu biyu ya tafi. Ban taɓa jin abin da ya yi mini ciwo kamar ladabin nan ba.

Kawu bai daɗe sosai ba bayan haka. Kafin ya rasu na je na faɗa masa sauran maganar, yana kwance. Ya saurara har ƙarshe ya ce, “Na sani tun ran nan akwai saura. Kai nika jira.” Ya aika a gaya wa ɗan nasa ya dawo ya ja masa baƙi, amma azumin bai riski Kawu ba.

Duniya kuma ta ci gaba da juyawa a cikin akwatina. Rasha ta janye daga Afganistan, ba a jima ba ita kanta ta wargaje kamar tulun da ya faɗo daga kai. Can wajen tsufana sai ga Amurka ta shiga ƙasar dai da nata jiragen, kuma mutanen da gidan rediyonta yake yi wa kirari a da, su ne ya koma yana kira da wani suna. Manyan sun yi ta gaisawa suna saɓawa, ba wanda ya san da wani mai tebur a Tambuwal da ya ɗauki faɗansu ya shiga da shi zauren kawunsa. Na je Sakkwato wurin taubashina neman gafara ba sau ɗaya ba. Yakan tarbe ni da kyau, a yanka mini kaza, a shimfiɗa mini darduma sabuwa. Ya ce ya yafe, duniya da lahira, na kuma yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba ya nufi. Na gwada tsokanarsa da sanƙonsa, da tumbinsa, da yadda yake jan ƙafa. Sai ya yi murmushi ya ce, “Alhaji ke nan. Allah shi ƙara lafiya.” Ya haƙa rijiyoyi a ƙauyuka da yawa, har da garinmu, mutanen da suka matsa daga gare shi a sahu sun sha ruwansa har suka mutu.

Bara ya rasu. A zaman makoki babbar 'yarsa, wadda ita ma ta yi jikoki, ta zo gaishe ni. Cikin hira na ce mata duk ƙasarmu ba a yi mai jan baƙi kamar mahaifinta ba. Ta dube ni da mamaki ta ce, “Baba? Ai mu ba mu taɓa jin karatunsa da ƙarfi ba. Kullum sai ya rufe ɗaki, sai dai ka ji kamar ana raɗa. Ashe yana da murya?”

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da nake gani yanzu. Yaƙin da muke ji daga nesa muna shan fura ya iso dazukanmu. Hanyoyin da nake bi ni kaɗai da kaya a babur, yau sai an yi addu'a an jira ayari. A da ni kaɗai ke da babban akwati a unguwarmu, yau kowane yaro yana da nasa a aljihu, kuma kowa mai ba da labari ne. Ina zaune a ƙofar gida ina jin su: wane an gan shi yana waya a bayan gari, wane ya yi kuɗi ba a san daga ina ba, wane ai ɗan leƙen asirin mutanen daji ne. Wani da wasa yake farawa. A zamanina irin wannan magana wurin zama take raba mutum da shi. A yau ba ta tsayawa nan.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, babba ko yaro. In an kira ka an tambaye ka game da mutum, kuma ka san abu biyu a kansa, ka faɗe su duka ko ka yi shiru da duka. Kada ka jira a tambaye ka sauran, ba za a tambaya ba. Ku yi mini addu'a, shi kuma ku roƙa masa Allah ya sa inda ya tafi a ce masa ya ɗaga murya.